Jar Akuya Tamu Ce, Sunan Fa Na Wa?

Mu Sakkwatawa akwai mu da son a yabi kayanmu. Ka yi baƙo daga Kaduna ko Jos, ba zai bar gari ba sai an kai shi wurin dukawa ya zaɓi jaka ko tumtum, an naɗe masa kilishi, an cusa masa buhun albasa a bayan mota, ana gaya masa wannan ba irin wadda ya saba ci ba ce. Kuma gaskiya muke faɗa. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne, in kayan nan sun wuce Kwannawa sun kama hanyar Gusau, da sunan wa ake sayar da su, kuma aljihun wa kuɗin sunan ke shiga.

Zancen ya taso a shiyarmu ne ta bakin wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda kasuwar Lahadi ta Illela ba ta wuce shi. Mai masaukinsa na Ƙonni ya ba shi labarin cewa tun 2021 Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista, an ba su takardar shaida cewa sunan na masu shi ne. Alhaji ya kawo maganar majalisa bayan la'asar, kafin isha'i ta shiga gidaje, washegari har masu tallan fura suna yi.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai wani mahauci ne maƙwabcinmu. "Wai yanzu kilishin ma sun ɗauke muna?" in ji shi. "Kakana barunje na, ubana barunje na. Mi za mu kira abinmu in ba kilishi ba?"

Akwai wani malamin sakandare a cikinmu mai bin irin waɗannan al'amura. Ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, Yaya. Ba wanda ya hana ka yin kilishi, ba wanda ya hana ka kiransa kilishi. Abin da sunka tsare shi na a ce kilishin Nijar. Duk wanda bai yi shi can ba, bisa ƙa'idar da sunka rubuta, ba shi da ikon liƙa wanga suna ga kayanai."

Malam ya faɗi daidai. Tambarin asali, wato shaidar da ke ɗaure suna da wuri, ba irin tambarin kamfani ba ne da mutum ɗaya ke mallaka ya sayar in ya ga dama. Na jama'ar wuri ne baki ɗaya. Ana shata iyakar yankin, a rubuta yadda ake yin kayan tun daga iri har zuwa ƙunshewa, a sa masu dubawa, sannan duk mutumin yankin da ya bi ƙa'ida ya sami damar amfani da sunan, wanda bai bi ba a hana shi ko da ɗan gida ne. Hukumar da ta yi wa Nijar rajistar ita ce OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke da ƙasashe 17. Nijar da Benin da Chadi da Kamaru duk suna ciki, wato duk maƙwabtan Nijeriya huɗu, mu ne ba mu ciki. OAPI ta fara irin wannan rajista a 2013 da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Masoron Penja kuwa farashinsa ya ninka bayan haka, a 2022 Tarayyar Turai ma ta shigar da shi cikin nata kundin.

Ni dai da na ji bayanin sai na ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da sunan gari suke ciniki. Goron Gwanja daban, ɗan Laboji daban, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Gishirin Bilma, gishirin Foga, baƙin rawanin Kura mai sheƙi da Buzaye ke bi har Kano, duk mai saye ya san abin da zai tarar in an ambaci garin. Abin da ke tsare sunan a wancan zamani idon dillali ne da kunyar mai kaya, don kasuwar ta waɗanda suka san juna ce. Yanzu mai cin albasarka yana Legas ko Akara, bai taɓa ganin fuskarka ba, ba zai taɓa gani ba. Takarda da tambari ne suka maye gurbin dillalin.

Mutanen Galmi ma ba haka kawai suka farka ba. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin albasa da sunan Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan. Daga nan suka gane cewa abin da ba a rubuta ba, wani na iya rubutawa.

Ana cikin hirar sai Malam ya ƙara da cewa a shekarar 2021 ɗin Nijar ta yi wa wasu kaya biyu rajistar tambarin haɗin gwiwa, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Nan ne Baba ya ɗago kai. Baba baduku ne, ya tsufa a kan sana'ar, ba ya yawan sa baki a hira.

"Jar akuyar Maraɗi?" ya ce. "Ɗana, akuya guda ta. Wadda ad daure bayan ɗakin Gwaggonku da wadda ag ga Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya. Ba su yi laihi ba, nasu sunka gyara. Mu dai tun zamanin kakanni haka muke, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi."

A kan fatar nan ya kamata mu daɗe, don ita ce babban abin da duniya ta san mu da shi ba tare da ta san mu ba. Fatar jar akuya tana da ƙananan ƙofofin gashi a matse, ga ƙarfi ga laushi, tana karɓar rini, ba ta saurin tsagewa. Majemanmu su jiƙa ta, su sa ta a ruwan toka gashi ya saki, su kankare, su tausasa ta da kashin kaji ko na tattabara, su jeme ta da bagaruwa, su shafe da mai, dukawa su rina ta ja da karan dafi. Fatake su kai Kano, daga can ayarin raƙuma ya ƙetara Sahara da ita zuwa Tarabulus da sauran biranen Arewacin Afirka. Turawa suka saye ta a can, suka sa ta cikin abin da suke kira fatar Maroko. Ba duk fatar Maroko ce tamu ba, mutanen Fas ma ƙwararrun majema ne, amma tamu da yawa ta shiga ɗakunan karatu na Turai a bangon littattafai da sunan ƙasar da ta ratsa kawai. Da hanya ta juya ta koma ta teku, sunan ya sake, amma bai dawo gida ba. Wani sanannen mai ɗaure littattafai na Ingila, Douglas Cockerell, a littafin da ya fitar kan sana'arsa a 1901, ya yabi fatar akuyar da kamfanin Royal Niger ke kaiwa can, suna kiranta fatar Neja. Yau kuma ɗanyar fata ce ake tarawa a kasuwanninmu a ɗora wa mota zuwa masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, a sarrafa ta, a tura Italiya da Sifen, ta fito a matsayin jaka ko takalmi da tambarin can.

Mutanen Maraɗi sun riga mu da wani abu guda. Tun shekarun 1960 suke da cibiyar kiwon jar akuya, inda ake tsare irin, ana raba bunsuraye ga ƙauyuka don kada jinin ya gauraye. Mu kuwa akuya na yawo a titi, duk bunsurun da ya same ta shi ke nan, har da dogayen nan na Sahel. Shi ya sa in ka tsaya a kasuwar Kara ka duba da kyau, ja tsantsa mai gajeren gashi mai sheƙi ba ta kai yawan da muke zato ba, masu rodi-rodi da masu fatsi-fatsi sun cika wuri.

Da zancen ya shiga gida, Gwaggo ce ta yanke shi da tambayar da ta fi ta kowa nauyi. Ita ke da awaki, kamar yadda yawancin awakin garin nan da ƙauyukansa na mata ne. Da su ake yin kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake zuwa asibiti in ciwo ya zo tsakar dare. Ta ce, "To ni mi za ni samu? Ran da nik kai akuyata kasuwa, nama ɗai aka dubi. Ba wanda yat taɓa ƙara mini ko sisi don hwatatta ja ta."

Wannan ita ce maganar. Mai kiwo na sayar da akuya a tsaye, dillali ya taɓa gadon baya ya ji ƙiba, a yi ciniki. Fatar ta zama ta mahauci, shi kuma ya sayar wa mai tara fatu a dunƙule, mai kyau da mara kyau kusan kuɗi ɗaya. Tun da haka ne, don me Gwaggo za ta wahalar da kanta neman bunsuru ja? Don me yaron mahauci zai ɓata lokaci yana fiɗa a hankali, alhali in wuƙa ta huda fatar ba a rage masa komai ba? Don me za a nemi inuwa da igiya a rataye ta, ba a shimfiɗa ta a ƙasa rana ta gasa ta ba? Tambarin da ba zai sa kuɗi ya gangaro har zuwa turken Gwaggo ba, ado ne kawai na masu fitar da kaya waje. In ana son ya yi aiki, sai an raba fatu aji-aji tun daga mahauta, a biya mai kyau fiye da mara kyau a fili kowa na gani, har labari ya kai ga dillalan Kara da na Acida cewa ja tsantsa mara tabo tana da ƙarin kuɗi. Ranar da wannan ya faru, ba sai an yi wa mata wa'azin kiwo ba.

Daga nan hira ta juyo kanmu, kuma nan ta fi zafi, don kowa ya san abin da ake yi. Alhaji mai albasa da kansa ya fara. Ya ce buhu ba ya ɗauke da sunan gona. Albasar Wurno da ta Goronyo da ta Gada da ta Kware duk su haɗu a kasuwar Ramin Kura, a juye, a sake ɗurawa, manya a baki, ƙanana da masu taɓo a tsakiya. Wani manomin ya ɗura wa gonarsa takin zamani ya kuma ba ta ruwa har daf da cira don ta yi girma da nauyi, ita kuwa irin wannan ba ta jimirin ajiya, ko a rudu ko a mota. Mai saye a Kudu ya buɗe buhu ya tarar da ruɓa, ba zai ce wane ya cuce ni ba, cewa zai yi albasar Sakkwato ta lalace. Manomin da ya bari tasa ta ƙosa, ta sha iska, wuyanta ya bushe, shi ma an shafa masa.

Mahaucin da ya fara fushi shi ma ya sauko. Ya ce kilishin gaskiya naman cinya ne mara kitse, a yanyana shi siriri, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza mai citta da kanumfari da masoro da albasa, a sake shanyawa, a nuna masa wuta. Amma yanzu akwai masu lafta labu ya fi naman kauri, a zuba kala don ya yi ja, a shanya a bakin hanya ƙura da ƙuda na sauka. Baba ya ce a tasu sana'ar ma akwai masu haɗa fatar tunkiya ko roba su ce wa baƙo akuya ce, baƙon ya je gida wata biyu jaka ta fara ɓarewa.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin waɗannan ba baƙi ke yi mana ba. Muna fushi wani ya ci da sunanmu, alhali mu ke rage masa daraja da hannunmu. Kuma wannan ne wurin da tambarin asali ya fi wuya, ba wurin cike takarda ba. Ana bukatar ƙungiya da za ta iya duban ɗan'uwanta ta ce wannan buhun bai cancanci sunan ba, ko da mai buhun surukin shugaba ne. Mu mutane ne masu kara da kawaici, kuma hali ne mai kyau, amma a wannan wuri kara ce ke kashe kasuwa.

Sai wata tambaya da wani matashi ɗan jami'a ya jefo: in an ce Sakkwato, ina ne iyakarta? Kebbi ta fita daga cikinmu a 1991, Zamfara a 1996. Albasar Aliero da ta yi suna a ƙasar nan yanzu ta Kebbi ce. Jar akuya tana Zamfara, tana Katsina, tana ƙetaren iyaka. Irin Galmi kansa manomanmu na shuka shi, don daga nan zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, Galmi kuma tana gabas da Ƙonni kaɗan. Aka yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce a tsaya kan jiha, wasu suka ce a bi tsohuwar jiha. Ra'ayina shi ne kowane kaya da iyakarsa, kuma ƙasa da sana'a ne za su shata ta, ba taswirar siyasa ba. Albasa da tafarnuwa a bi fadamun da ake noma su, ko da sunan da za a tsare na Wurno ne ba na Sakkwato ba. Fata kuwa yankinta ya fi jiha faɗi, in an ƙuntata shi za a bar dubban mata masu kiwo a waje, a kuma buɗe ƙofar ƙarya, don fatu za su ci gaba da shigowa daga Gummi da Argungu a ce na nan ne.

Game da doka, Malam ya ce Nijeriya ba ta da doka ta musamman kan tambarin asali, ko da yake an yi ta aikin daftarinta a Abuja da taimakon Tarayyar Turai. Indiya ta yi tata a 1999, shayin Dajilin ya zama na farko da aka yi wa rajista a 2004. Maroko ta yi tata a 2008, ta tsare man argan. Amma bai kamata mu naɗe hannu muna jiran majalisa ba. Dokar tambarin kasuwanci ta 1965 da muke da ita ta tanadi tambarin shaidar inganci, wanda wata hukuma ko ƙungiya ke iya yi wa rajista a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, ta riƙa ba duk wanda kayansa suka cika sharaɗi. Ba shi da ƙarfin tambarin asali, amma mafari ne. Kuma ko dokar ta zo gobe, abin da za a fara tambayarmu shi ne ina ƙungiyarku, ina rubutacciyar ƙa'idarku, wa ke dubawa. Waɗannan ba Abuja za ta yi mana su ba.

Akwai kuma abin tsoro da ya kamata a faɗa tun yanzu. Dubawa kuɗi take ci, ƙunshi mai kyau kuɗi yake ci, lambar NAFDAC ga mai kilishi kuɗi take ci. In ba a yi hattara ba, manyan 'yan kasuwa biyar ko shida za su kafa ƙungiyar, su rubuta ƙa'idar da su kaɗai ke iya cikawa, ƙaramin manomi da majemin da ke aiki da kwatarniya a bayan gida su wayi gari an hana su sunan da kakanninsu suka gina. Don haka wurin rubuta ƙa'ida dole a zaunar da mai rudu ɗaya, a zaunar da yaran mahauta masu fiɗa, a nemi hanyar jin ta bakin mata masu awaki, ko da sai an bi su gida-gida.

Muna da masu ilimin. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a nan Sakkwato. Cibiyar binciken fata ta ƙasa na Samaru a Zariya, ta binciken dabbobi na Shika. Su za su iya rubuta siffar jar akuya da ta albasar fadamunmu yadda baƙo zai yarda. Amma su Baba ne suka san yawan bagaruwar da fata ke sha da kwanakin da take yi a ruwa, kuma masu irin wannan sani raguwa suke yi kowace shekara, 'ya'yansu da yawa sun koma kabu-kabu da sayar da waya.

Kirana ga shugabannin dukawa da majema da rundawa da ƙungiyar masu albasa shi ne kowace sana'a ta zauna ta rubuta, da Hausa, abin da ya sa kaya ya cancanci a kira shi namu, ta sa hannu, ta kai wa malaman jami'a su duba. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma a riƙa tambayarsu inda daftarin dokar nan ya kwana. Kai kuma mai karatu, in za ka yanka akuya, ta suna ce ko ta layya, ka tsaya a kan mai fiɗa kada ya huda fatar, a sa mata gishiri ko a rataye ta a inuwa, kuma in ka je sayen albasa ko kilishi ka tambayi na wane gari ne, ka biya mai kyau kuɗinsa.